Gorar da na mayar wa mai ita

Jiya maƙwabciyata ta kawo wa 'yata jiƙo a gorar roba, wai maganin shawara. Warin sassaƙen na bugun hancina, sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta mayar da hannun kyauta baya. Da ta kwanta ciwo a unguwar Sauka Kahuta, duk mai zuwa dubiya da gorarsa, ita kuma sai ta kurɓa a gabansa don kada ya ji kunya. Ranar da na leƙa ƙarƙashin gadonta, goruna ne reras, idanunta kuwa sun koma ruwan ɗorawa.

Na ce, "Gwaggo, ki bari haka nan."

Ta goge baki da gefen zane, ta ce, "Ke, gara ɗacin magani da ɓacin ran mai kawowa."

Da muka kai ta asibiti, likita ya ce haɗe-haɗen sun riga sun cinye hantar.

Shi ya sa na ce wa maƙwabciya, "Maman Hauwa, riƙe abinki, asibiti za mu." Ta fita ba sallama. Yau unguwa na cewa ba ni da kara. Su yi ta faɗa. Kara ta kai mini mutum ɗaya kabari, ba za ta kai na biyu ba.

Allah Ya sanyaya makwancin Gwaggo, Ya tashi kafaɗun yarinyar nan.