Injin da Na Saya wa Baba

Bana shekara tara ke nan da Tafkin Togo ya ci mahaifina, Malam Sale. Duk shekara 'yan uwa kan taru a gidanmu na Zongo a yi masa addu'a, a ce kwana ne ya ƙare. Nakan amsa da amin, amma ban taɓa faɗa musu rabona a cikin abin ba. Yau zan faɗa.

Baba Basarke ne, kakanninsa masunta ne daga Yawuri. A Zongo, inda kowa ɗan kasuwa ne ko malami, shi kaɗai ne ke shiga mota da asuba ya nufi bakin tafki. Kwale-kwalensa siriri ne, da filafili yake tuƙa shi. Ya san iskar da ke tasowa daga teku bayan azahar kamar yadda na san farashin atamfa a kasuwar Assigamé. Yakan ce idan ta taso ba a ba ta gefen jirgi. Sai ka zauna ƙasa-ƙasa, ka sa goshin jirgin ya fuskance ta, kana gyarawa kaɗan-kaɗan. Ya fi son ma kafin ta taso ya riga ya fito.

Da kasuwa ta yi mini kyau, sai na saya masa injin tuƙa kwale-kwale. Gaskiya tausayin kafaɗunsa na ciki, amma son a gani ya fi yawa. Na tara maƙwabta, liman ya sa albarka. Baba ya ɗaga injin ya ji nauyinsa, ya ce a hankali, "Hajara, jirgin nan bai da faɗi. In baya ya yi nauyi goshi zai ɗaga, iska ta samu abin kamawa."

Na ce, "Kai dai Baba ba ka son ci gaba." Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi ya yi godiya.

Daga nan kullum da yamma sai na tambaye shi, "Ya inji?" Ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi miki albarka." Sai bayan rasuwarsa abokin sana'arsa Fo Kossi, wani dattijo ɗan ƙabilar Ewe, ya gaya mini cewa injin nan a ɗakinsa, shi Fo Kossi, yake kwana yake wuni. Baba bai daina tuƙi da filafilinsa ba.

Ran nan na ce masa zan zo in ɗauke shi hoto yana tuƙi da inji, in aika wa dangi. Na ce ƙarfe sha ɗaya. Ciniki ya riƙe ni, ban isa ba sai wajen la'asar. Ya ɗaura injin tun safe yana jirana. Fo Kossi ya ce masa iska ta riga ta tashi, Baba ya ce zagaye ɗaya kawai zai yi, tunda na yi doguwar tafiya. Ina tsaye da waya a hannu na ga goshin jirgin ya ɗaga, iska ta juya shi gefe, ya kife. Taru ya naɗe masa ƙafa.

Yanzu injuna sun yi yawa a tafkin, jiragen ma an faɗaɗa su. Da yana nan, na san ba zai kushe ba. Zai duba faɗin jirgi, ya duba nauyin inji, ya gyaɗa kai. Bai taɓa ƙin ci gaba ba, ni ce ban tsaya na ji abin da yake faɗa ba.

Abin da ya bar mini ke nan: idan babba ya yi magana sau ɗaya a hankali sannan ya yi shiru, nakan koma in sake tambaya. Baba ya yi shekara arba'in yana fuskantar iska bai kife ba. 'Yarsa ce kawai ya kasa ce wa a'a. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.