Labarin Maraƙi a Bakin da Ba Nasa Ba

Mu huɗu ne. Ni da garaya, wani mutumin garin Balan da kalangu, maigidanmu da jita mai lasifika da yake jona wa batirin mota, sai wani tsohon Babarbare mai ba da labari. Da Hausar ƙauye muke waƙa, irin wadda ake yi a bakin rijiya, mu saka sunayen gonaki da na kasuwanni. In an yi waƙa biyu sai mu sassauta kiɗa, tsohon ya karɓi makirfo ya ba mutane dariya. Da an gama girbi, daga Gaya zuwa Ajingi, da wuya mako ya wuce ba a kira mu biki ko suna ba. Ban yi boko ba, gonata kuma ba ta kai ni damina. Da garayar nan aka san ina duniya.

Fulani sun fi kowa kiranmu, kuma saboda tsohon ne. Tsakanin Babarbare da Bafulatani akwai wasa tun kaka da kakanni. Yana sauka daga mota zai ɗaga murya, "Ina bayina? Ku fito, ubangidanku ya iso!"

Dattawa su amsa daga kan tabarma, "Bawanmu ya zo shan nonon banza! Ku ba shi mai tsami, kada ya saba!"

Yana da labarin wani Bafulatani da aka kwantar a asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Ya daɗe yana kallon ledar, sai ya kira likita ya ce, "Don Allah a rage rabi, akwai maraƙina a gida, ya fi ni jin jiki." Ko yaushe ya ba da shi sai mata sun rufe fuska da faifai don dariya.

Sai maigidanmu ya fara ƙorafi. Wai tsoho na cin lokaci, sai ya gaisa da kowa kafin ya shiga labari. Wai haƙoransa sun zube, magana ba ta fita a lasifika, masu ɗauka da waya kuma gajere suke so. Wata ranar kasuwa ya ce masa, "Baba, ka huta haka nan." Tsohon ya saɓa butarsa ya tafi, ko kallonmu bai yi ba.

Na ce wa maigida, "To labarin fa?"

Ya ce, "Duk na haddace. Labari ai labari ne."

Shi ma ɗan Gaya ne, ya san al'ada sarai. Gani yake in ka riƙe makirfo kowa abokin wasanka ne.

Aka kira mu suna a wata ruga bayan Ajingi. Bayan la'asar muka fara, fili ya cika. Da muka sassauta kiɗa, maigida ya gyara murya ya ce, "Ina bayina?"

Ba wanda ya amsa. Har kukan saniya na ji daga garke. Maimakon ya koma waƙa, sai ya zarce da labarin maraƙin. Bai bar kalma ɗaya ba, har da kwaikwayon Hausar Bafulatani. Mai kalangu ya daina bugu. Ni na ci gaba da kaɗa tsirkiya a hankali, don ban san inda zan sa hannuna ba.

Ardon wurin, wato shugabansu, ya miƙe yana dogara sanda. Ya ce, "Malam, kai Babarbare ne?"

"A'a, Baba, Bahaushe ne ni."

"Ko ta wajen uwa?"

"A'a."

"To wa ya ba ka wasa da mu?"

Ba su zage mu ba. Da ma zagin suka yi. Fura aka kawo mana, aka raka mu har mota da ladabi, aka ce mu gai da gida.

Kafin kasuwar Ajingi ta sake ci, masu tallan nono sun kai zancen ko'ina. Kira ya ɗauke daga rugage. Hausawan ƙauye ma suka ja baya, don ba mai son ya ɓata da maƙwabcin da yake ba shi taki. Maigida ya ƙi zuwa ba tsohon haƙuri, ni ya tura.

Na hau keke na sami tsohon a Kademi, yana tsigar gyaɗa a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka dawo. Ba don maigida ba, don mu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ardo ya aiko min da man shanu. Ya ce bawansa ya je ya wanke musu kunne. Jibi zan tafi."

"Alhamdu lillahi. Sai in sa sabuwar tsirkiya."

"Ni kaɗai ya ce."

Na ce, "Baba, ni ban buɗe baki ba ranar nan."

Ya watsa gyaɗa a kwando, sannan ya dube ni. "Na sani. Ranar da aka sallame ni ma ba ka buɗe ba."

Ya sa aka zuba min gyaɗa a aljihun riga. Keken ma ban hau ba, turo shi na yi har bakin titi.