Muryar Mijin Gwaggo a Firizar Kifi

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a kasuwar Jega ina roƙon mai kifi ya sama wa faifan kwamfutata wuri a firizarsa.

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare, na sayi laftof ta hannu, nan da nan na naɗa wa kaina sarautar injiniya. Ko ɗaurin aure zan je sai na rataya ta. Ba a tambaye ni ba, ni ke buɗewa ina bayani.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, a Sarandosa. Mijinta falken albasa ne, yana ɗauka daga Aliero ya kai Kudu, a wata tafiyar kuma Allah ya yi masa rasuwa a can. Da yake ba ya rubutu, kaset yake ɗauka ya aiko gida, kuma guda ɗaya tak ya rage a hannunta. Ya sha saurare har muryar ta fara rawa. Na karɓa na juye shi a laftof, na mayar mata ina hura hanci.

"Gwaggo, abin da ya shiga kwamfuta ba ya mutuwa," na ce mata.

"To, Allah shi yi maka albarka, ɗana," ta ce.

Ba a jima ba rediyonta ya cinye kaset ɗin. Ko a jikinta, tunda injiniya ya yi magana. Na yi alkawarin zuba mata a faifan sidi, kullum gobe, kullum gobe.

Wata safiya na kunna laftof, sai na ji tana ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Allo ya yi baƙi. Na hura mata iska, na bubbuga ta, har addu'a na tofa mata, duk a banza.

Na kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Ya ciro faifan ajiyar da ke cikinta, ya kara a kunne, ya ce yana gargara. Dabara ɗaya ta rage, in ji shi, ita ma ba tabbas: a sanyaya shi sosai, wataƙila ya farfaɗo na ɗan lokaci mu kwashe abin da za mu iya. Wutar lantarki kuwa mun manta rabonmu da ita. Mai janareto da firiza a kusa sai mai kifin ƙanƙara.

Na naɗe faifan a leda na je da babbar rigata. Mai kifi ya dube ni, ya dubi ƙunshin.

"Malam, mi ne ne ciki?"

"Muryar mamaci ce."

Ya ja da baya. Da ƙyar na fahimtar da shi, ya tura ƙunshin ƙarƙashin kifi da bakin wuƙa, bai yarda ya taɓa ba. Na yini a gindin rumfarsa ina kore ƙuda, masu saye suna tambayata nawa ne kashi.

Da la'asar na ɗauko na ruga shago ina ƙarni. Mai gyara ya haɗa faifan da tasa kwamfutar, sai ga kayana sun bayyana. Ya ce, "Fara da wanda ya fi muhimmanci, ba zai daɗe ba." A nan injiniyancin ya motsa. Na ture hannunsa na ce ai kayana ne, na fi shi sanin wurinsu, na kwashi foldar da komai ke ciki gaba ɗaya na tura.

Abin da ya fara wucewa hotunana ne. Ni da baƙin tabarau, ni jingine da motar da ba tawa ba, ni rungume da laftof ɗin kanta. Ɗaya bayan ɗaya suna shiga lafiya lau, ina kallo gumi na zuba. Muryar ce ta zo ƙarshe. Ta fara shiga ke nan muka ji ƙas, ƙas, faifan ya yi shiru, bai sake tashi ba. Mai gyara ya yi dabararsa ya tsamo guntun muryar da ya riga ya shigo.

Na zuba guntun a sidi, na ari na'urar kunnawa, na tafi Sarandosa. Na faɗa wa Gwaggo komai, har hotunan. Ta ce in kunna.

Marigayin mutum ne mai kunya. Ya fara da gaida iyaye, ya bi ƙanne, ya bi maƙwabta gida gida, har lafiyar jakinsa ya tambaya. Matarsa kullum ita ce ƙarshe. Muka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Sai kuma ke..." Nan ya yanke.

Na sunkuyar da kai. Sai na ji Gwaggo ta ɗora a hankali, da irin lafazinsa: "...ki yi haƙuri da nisa, ina nan tahe kahin ruwa shi sauka." Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Wanga na riƙe shi. Muryar ce dai nika so in ji ta hwaɗa."

Ba ta taɓa yi mini gori ba har ta koma ga Allah, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Tun ranar, amanar da aka ba ni wuri biyu nake ajiye ta, kuma in lokaci ya ƙure nakan fara ceto na mutane kafin nawa. Hotunan nan kuwa suna nan garau, ko ɗaya bai ɓace ba.