Atamfar da Ba Ita Aka Aike Ni Saye Ba

Gari bai waye ba muka bar gida, ni da wata dattijuwa ta zumuntar matan ɗakin sujadarmu wadda kowa ke ce wa Inna. Maigidana ya rako mu har tashar jirgin ƙasa ta Zariya, ƙunshinmu na ɗaure a bayan kekensa. Inna za ta asibitin ido ne a Kano, don yanar ido ta fara rufe mata gani. Ni kuwa matan zumunta ne suka aike ni in sayo mana atamfa iri ɗaya ta bikin Ista, mu ashirin da uku. Sun zaɓe ni don na yi makaranta har aji huɗu, ina iya karanta sunan tasha. Da sun san irin zuciyata, da wata suka aika.

Ni mace ce mai yawan damuwa, ba na ɓoyewa. Sati biyu kafin tafiyar na rubuta komai a takarda: lokacin tashi, inda za mu sauka, abin da zan ce wa mai kanti, har abin da zan yi in jirgi ya bar mu. Kullum da safe in na durƙusa, sai in karanta wa Ubangiji takardar daga sama har ƙasa, kamar ina tsoron ya tsallake layi. Samfurin atamfar kuwa, wani ɗan ƙyalle ne sabo da shugabarmu ta samo wajen tela, kore mai furanni ruwan ɗorawa. Sai da mata suka yi zama uku kafin baki ya zo ɗaya a kansa. Ranar da ta damƙa mini shi ta ce, "Wannan fa, ba wata ba." Na ɗinke shi a cikin rigata.

Jirgi ya cika maƙil. Mun sami gefen benci tsakanin wani mai kwandon kaji da wata mai goyo, hayaƙin gawayi na shigowa ta taga. A Gimi 'yan talla suka taso suna miƙo ƙosai, biyar kwabo, da zafinsa. A Ɗangora fura da nono, a Madobi mangwaro tuli guda. Babu tashar da Inna ba ta taɓa wani abu ba. Ni ko na kasa haɗiyar komai, sai taɓa gefen rigata nake yi.

"Ke 'yar nan, ci abinci," in ji ta. "Ƙyallen nan ba ƙafa gare shi ba."

Da muka hau gadar Challawa na rufe ido, sai daga baya aka gaya mini ƙasan duk yashi ne, ruwan bai kai idon sawu ba. Kusa da tashar Kano na hango wasu tsaunuka masu tsini, na ce wa Inna ashe Kano akwai duwatsu a tsakiyar gari. Mai kaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce dalar gyaɗa ce, buhu kan buhu.

Mun sauka a Sabon Gari, gidan wani kafinta mutumin Gabas da ya taɓa zama a Zariya, muka yi sujada tare shekaru. Uwargidansa ce ta tarbe mu a tasha, ta rungume Inna har ta ɗaga ta. Unguwar tasu tituna a miƙe, kowane gida da lamba, kowane gida da yarensa. Nan garmaho na kuka, can ana gasa burodi, gaba ƙanshin manja. Ta ba mu teba da miyar ganye mai busasshen kifi. Ban saba ba, amma yunwar wuni ta koya mini a take.

Washegari muka fara da asibiti. Aka duba Inna, aka ɗiga mata magani, aka ce ta dawo bayan wata biyu a cire yanar. Ta fito tana godiya da ƙarfi har masu jira suna amsa mata da amin. Daga nan uwargidan masaukinmu ta ja mu zuwa Fagge da ƙafa. A hanya na ga raƙuma a durƙushe, Buzaye a gefensu suna dafa shayi, ga teloli jere a ƙarƙashin rumfa, keken kowa na ƙara. Masu amalanke ba sa jiran kowa ya kauce. Na riƙe hannun Inna da hannu ɗaya, rigata da ɗayan.

Kantin Kwari ya wuce yadda aka ba ni labari. Manyan kantunan Kwara, wato 'yan Labanan, a baya, masu tebur da rumfuna a gaba, yadi har sama. Uwargidan ta kai mu wajen wani Alhaji da take ciniki da shi, dattijo mai zanen Barebari a fuska, amma ya ce a Fagge aka haifi mahaifinsa. Na juya baya na farke ɗinkin, na miƙa masa ƙyallen. Ya duba sau ɗaya, ya jawo turmi daga ƙasa. Ita ce, ba ko tantama, kuma akwai wadda za ta ishe mu. Na ce a raina, Ubangiji ya bi takardata layi layi.

"Malama, ta me za a yi?" ya tambaya.

Na ce ta matan ɗakin sujada ce, za mu sa ranar idinmu, mu ci gaba da sawa shekara da shekaru.

Ya yage ɗan baki daga turmin, ya tsiyaya masa ruwan butarsa, ya murza a kan farin yadin akoko. Akokon ya koma kore.

"Zuba take yi," in ji shi. "Wanki ɗaya, ganye da fure su zama abu guda. Duk Kwari jirgi ɗaya ya kawo mana ita, ko'ina kika je haka za ki tarar. Masu labule ke saye. Amma in kin ce a auna, sai a auna."

In na saya, na kai wa mata ashirin da biyu abin da na san ba zai kai Kirsimeti ba. In na ƙi, na karya maganar da aka yi zama uku a kanta, na zaɓa wa manyana da kaina. Jirginmu kuma gobe da safe, ba wanda zan aika ya tambayo. Na ciro takardata na duba gaba da baya. Babu layin wannan. Na juya ga Inna na ce ta taya ni zaɓe.

"Ni da ba na ganin hanya kike tambaya launi?" ta ce. "Da ƙafa kawai suke so, da sun aiki jaki."

Ana cikin haka aka kira azahar. Alhaji ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya gitta sanda a bakin rumfa, ya ce mu zauna a bencinsa mu huta. Ya tafi abinsa bai waiwaya ba. Na duba dama da hagu, duk layin haka aka yi. Mutum ya bar dukiyarsa duka da mata uku, biyu bai taɓa gani ba sai yau, ya tafi gaban Mahaliccinsa. Ni kuwa takarda guda na kasa saki.

A kan bencin nan na sunkuyar da kai. Ban taɓa yin gajeriyar addu'a irin ta ranar ba. Na ce, "Ubangiji, shirina ya ƙare. Ban san abin yi ba. Ka bi da ni, kuma in mata sun yi fushi, ka ba ni zuciyar ɗauka." Ban ji wata murya ba, ban ga wata alama ba. Sai dai kawai na ji yunwa. Uwargidan ta sayo mana dafaffiyar gurjiya, muka ci a rumfar mutum kamar tamu.

Da Alhaji ya dawo na ce ya sauko mini da shuɗɗa. Na zaɓi wata mai ƙananan ganye farare, na ce a gwada ta da ruwa, a ƙara da sabulu. Ya yi murmushi ya ce, "Malama ta zama 'yar Kwari." Aka murza, akoko ya fito fari. Ciniki na bar wa uwargidan, ita da Alhaji suka yi ta ja, tana ce masa Baba mai taurin kai, yana ce mata ta fi 'yan Fagge wayo, har suka daidaita.

A jirgin dawowa ni ce na fara kiran mai ƙosai. Ba wai damuwar ta tafi ba. Daga Madobi zuwa Gimi na shirya jawabi ya kai bakwai, duk na watsar.

Ranar Alhamis mata suka taru a ɗakin sujada, na kwance ƙunshi. Shugaba ta dube ni ta ce, "Ina koren?" Na faɗi abin da ya faru yadda ya faru, na roƙi ruwa a ƙwarya, na ba ta ƙyallen nata na ce ta murza da kanta. Ta murza, ta dubi yatsunta, ta daɗe tana dubawa. Can sai ta fashe da dariya ta ce, "Da gumin Ista ya sauko, da mun fito sujada kamar kwaɗi." Ta ce a fara yanka mata nata. Mace ɗaya dai har yau tana cewa shuɗi na tsofaffi ne, amma ta riga kowa kai nata wajen tela.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekara da shekaru ina gama shirina sannan in kai wa Allah ya sa hannu, ina kiran haka dogara. A Kwari na gane ban fara dogara gare shi ba sai da na rasa abin karanta masa. Bayan wata biyu ni zan mayar da Inna Kano a cire mata yanar ido. Na fara tunanin wuƙar likita, na fara tunanin gadar Challawa da ruwan damina. Na gaya wa Ubangiji ina jin tsoro, kuma na gaya wa Inna za ni.