Motar da Ta Riƙa Kama Wayar Hajiya

Tun yana yaron mota, lokacin da aikinsa bai wuce ɗaure kaya da saka wa taya weji a gangara ba, ubangidansa na farko ya koya masa abu biyu, kuma da dundu ya koya masa: ba a tayar da mota a wuce sai inji ya ɗumama, sannan abin da aka faɗa a bayan direba ba da direba ake ba. Ya riƙe su duka biyun. Ya bar babbar mota ya koma tasi, ya bar tasi ya shiga gidan wani ɗan kwangila, ya tuƙa shi har ranar da ya bi bayan motar da ta ɗauki gawarsa. Daga nan ya zama direban matar marigayin, Hajiya.

Yaran da ya riƙa kaiwa makaranta yanzu wasunsu sun fara furfura, amma har yau Baba Direba suke ce masa. Dogo ne, siriri, da tsumma a kafaɗa da tarin da ba ya rabuwa da shi. A kujerar bayan nan an yi faɗa, an yi kuka, an ƙulla aure an warware, bai taɓa kai ko kalma ɗaya gida ba. Matarsa takan ce zama da shi da zama da katanga duk ɗaya, sai dai ita katanga ba ta tari.

Sai babban ɗan Hajiya, wanda gidan ke kira Babba, ya saya mata sabuwar mota. Ba ta da ramin makulli, shi makullin a aljihu yake zama, maɓalli ake dannawa. Inda ya kamata a ga rediyo, wani allo ne kamar ƙaramin talabijin. Ranar da aka kawo ta, Babba ya zauna a mazaunin direba da wayar uwarsa a hannu, yana latsa nan yana latsa can.

"Mama, na haɗa miki wayarki da motar ta bulutut. Da kin shigo za ta kama da kanta, ba igiya ba komai. In an kira ki, a lasifikar mota za ki ji."

"Kowa ya ji sirrina ke nan."

"Wane sirri gare ki, Mama? Ke da Baba Direba."

"Shi ai ba ya ji," in ji Hajiya. Suka yi dariya, har da shi.

Duk da haka, tun daga ranar Hajiya ba ta buɗe saƙon murya a cikin mota. In ya shigo sai ta kifa wayar a cinya ta ce sai an koma gida. Abin da Babba bai faɗa musu ba, watakila bai ma yi tunaninsa ba, shi ne motar ba ta san ciki da waje ba. Kusa kawai ta sani. Rumfar da ake ajiye ta kuwa a ƙarƙashin tagar ɗakin Hajiya take.

Babba ya ce wannan injin ba ya buƙatar ɗumamawa. Baba Direba ya ce to. Washegari da safe ya tayar da ita kamar yadda ya saba, ya zauna a ciki yana goge sitiyari. Can sai muryar wata mata ta cika motar, tana ba da haƙurin rashin zuwa suna. Ya zabura har gwiwarsa ta bugi ƙasan sitiyari. Ya waiga baya, babu kowa. Muryar ta ƙare, ta sake farawa daga farko, ta kuma sakewa.

Ranar bai gane ba. Rana ta biyu ya gane. Hajiya ce a ɗaki take danna saƙo, ba ta jin komai, ta sake dannawa, maganar kuwa tana zubowa a kansa. Ranar ya kamata ya hau bene ya faɗa mata, da an yi dariya an wuce wurin. Ya ce bari sai anjima. Da anjima ta yi, sai ya ga ai zai zama dole ya ce ya ji saƙon jiya ma. Ya bari sai gobe.

Kafin goben ta zo, muryar Babba ta faɗo.

"Mama, maganar Baba Direba. Ba raina shi na yi ba, amma motar nan ta fi ƙarfinsa. Ko rediyo bai iya kunnawa ba. Na ga inda ya goge ta da ƙofar gida. Akwai wani mutum natsattse da na samu. Ki yi tunani."

Hajiya ta danna, ta sake dannawa. Ya zauna ana maimaita masa sallamarsa, hannunsa a kan maɓallin kashe mota, bai danna ba. Ya ji maganar kafin ita ta ji.

Daga ranar ya daina yi wa kansa ƙaryar cewa gobe zai faɗa. Kowace safiya ya tayar da mota ya jira. Muryar Hajiya ba ta zuwa, ita a wayarta take amsawa, saboda haka ɓangare ɗaya kawai yake samu. Babba ya sake tayar da zancen. Ya kuma sakewa, wannan karon da gajiya a murya: "To Mama, na ji, amma ki sake dubawa." Me ta ce masa? Na ji me? Ya yi ta juya wannan "na ji" a ransa a kan titi, har wata rana ya wuce kwanar asibitin haƙori, hanyar da ko idonsa a rufe ya san ta.

"Yau lafiya kake?" in ji Hajiya daga baya.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

"Ni wayar nan ce ke son haukata ni. Da safe ta kurmance, da hantsi ta warke. Kamar mai aljanu."

"Kayan zamani ke nan."

A gida ya rage cin abinci. Matarsa ta dube shi ta dubi kwanon.

"Maigida, in wata ce ta ba ka a waje, ka ce ta ƙara, ni na huta."

"Ke dai ba ki rabo da zance."

"Kai kuma ba ka rabo da rashinsa. An yi wani abu a wurin aiki?"

Ya ce babu. A shekarunsa, wa zai ɗauke shi? Ya san masu tsufa irinsa da ke zaune a bakin gareji suna ba da labarin motocin da babu su yanzu.

Sannan wata safiya muryar da ta zo ba ta Babba ba ce. Auta ce, 'yar Hajiya ta ƙarshe, wadda ya taɓa ɗauka a kafaɗa ya tsallakar da ita ruwa a ƙofar makaranta. Tana magana ƙasa-ƙasa, kamar daga banɗaki.

"Mama, sakamakon ya fito. Sun ce ƙullin da ke nonon sai an yi aiki an cire, sannan su san ko mene ne. Don Allah kada ki gaya wa kowa. Ko Yaya Babba. Ko mijina ban gaya wa ba tukuna. Ke kaɗai."

Wannan karon ya kashe motar. Amma ya riga ya ji. Daga tagar sama ya jiyo muryar Auta ta sake tashi, yanzu a wayar uwarta.

Ya daina tayar da mota da safe. Ya riƙa zama a benci har Hajiya ta sauko, su tashi da inji a sanyaye, abin yana ci masa rai. Ya ɗauka ya rufe maganar ke nan.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta zo gidan. Ta sauko daga tasi da jaka a kafaɗa, ta yi kwalliyarta tsaf, tana murmushi. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa. Baba Direba ya miƙe daga benci ya karɓi jakar.

"Baba Direba, ina wuni? Har yanzu kana nan da tsummanka?"

"Muna nan, Auta. Sannu da hanya. Ya jikin? Allah ya sa a yi a sa'a."

Bakinsa ne ya yi, ba shi ba. Mutum ya shekara sittin da wani abu ba ya wuce mara lafiya bai tambayi jiki ba, harshen ba ya neman izini. Murmushin Auta ya ɗauke. Ba shi ta kalla ba, uwarta ta kalla.

"Mama."

"Wallahi ban..."

"Direba, Mama? Na ce ko Yaya kada ya ji, sai direba?"

Ta fizgi jakarta ta shige. Ya ji su a falo, muryar Auta tana hawa tana karyewa, Hajiya tana rantsuwa. Tsohuwa tana rantse wa 'yarta da Allah, 'yar tana cewa to aljani ne ya gaya masa? Ba a daɗe ba Auta ta fito da jakar, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta tsayar da tasi a titi.

Hajiya ta fito da mayafi a karkace.

"Tayar da mota. Bi ta."

Ya tayar. Allon ya yi ƙara, sunan wayarta ya bayyana. Sun fita layin ke nan ya gangara gefen titi, gaban wani shagon faci, ya tsaya.

"Na ce ka bi ta."

"Ranki ya daɗe, motar ce. In na tayar da ita da safe a ƙarƙashin tagarki, tana kama wayarki. Saƙon da kika danna, nan yake fitowa. Shi ya sa ba kya ji."

A madubi ya ga tana kallon allon, sannan ta kalli ƙeyarsa.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo ta."

"Tun da aka kawo ta." Ta maimaita a hankali. "Ina zaune a bayanka ina ce maka wayata ta kurmance, kana ce mini kayan zamani."

"Na yi kuskure."

"Kuskure na rana ɗaya ne. Me ya hana ka faɗa?"

Ya goge sitiyarin da babu ƙura a kansa. "Na ji maganar Babba. A kaina."

"Ka ji tasa. Tawa fa, ka ji?"

"Taki ba ta zuwa."

"To bari ka ji ta yanzu. Duk sanda ya tayar da zancen, ce masa nake mutumin da ya tuƙa ubanku bai taɓa fitar da maganar gidan nan ba, ba zan musanya shi da mai iya latsa allo ba. Abin da na ce ke nan. Yanzu ka gaya mini me zan ce."

Mai faci ya leƙo yana tambaya da hannu ko iska ake so, Baba Direba ya girgiza masa kai.

Hajiya ta kira Auta. Ƙarar kiran ta cika motar, ta yi ta yi ba a ɗauka ba. Ta sake. Da aka ɗauka, babu sallama, sai numfashi.

"Kada ki kashe," in ji Hajiya. "Ga shi nan, shi zai gaya miki." Ta taɓa bayan kujerarsa da yatsa. "Yi magana, ai motar na jin ka."

Ya faɗa wa allon abin da ya faɗa wa uwar, ya ƙara da cewa Hajiya ba ta ce masa komai ba, kuma bai kai maganar ko'ina ba, ko gidansa. Auta ta saurara har ya gama.

"Na ji," ta ce. "Mama, zan kira ki anjima. Ba a motar ba." Ta kashe.

Hajiya ta ce ya juya gida. Da ya tsaya a rumfa ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ba ta sauko nan take ba.

"Ba zan sallame ka don Babba ya ce ba," ta ce. "In na sallame ka, dalilina ne. Ban yanke ba tukuna." Ta miƙo tafin hannu. "Kawo makullin."

Ya laluba aljihu ya ɗora mata.

"Zai riƙa kwana a ɗakina. In zan fita, zan aiko maka da shi."

Ta shige ciki. Ya tsaya a gefen motar na ɗan lokaci. Lokacin tashinsa bai yi ba, kuma ba a ce ya tafi ba, saboda haka ya koma benci ya zauna yana jiran ko za a neme shi.