Tsaga Bakwai a Ginshiƙin Pak Daud

Duk Bahaushen da ya sauka Kuala Lumpur kafin zuwan korona, ko bikin yaye ɗansa ne ya kawo shi ko sarin kaya, da wuya a ce ba a ba shi lambar Malam Ashafa ba. Mutumin Ɗorayi ne, gajere, mai fara'a kamar gonar auduga. Karatun digiri na biyu ya kawo shi a 2009, karatu ya ƙare, shi kuma ya ƙi komawa. Ya kama ɗaki biyu a wani bene a unguwar Chow Kit, ya ɗauko matarsa Hureira da 'yarsu Rufaida tana goye.

Sana'arsa rakiyar baƙi. Shi zai kai Hajiya shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ya tsaya a kan ciniki har mai shago ya gaji, shi zai kai Alhaji unguwar Bukit Bintang ya ci shinkafar Larabawa. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne tafiyar kudu. Yakan ɗauki hayar mota ya kwashi baƙi zuwa gundumar Pontian a jihar Johor, tafiyar kusan awa huɗu. Ya nuna musu gonakin abarba, da garin masunta na Kukup mai gidaje a kan ruwa, da Tanjung Piai inda ƙasar nahiyar Asiya ta ƙare ta kudu. Daga nan a ci abincin rana a wani ƙaramin ƙauye, a gidan wani dattijo, Pak Daud.

Gidan katako ne tsoho a kan dirkoki, kakan Pak Daud ya gina shi, mutanen ƙauye kuma sun sa shi cikin wuraren da ake nuna wa baƙi. Pak Daud ba ya jin Turanci. Ashafa kuwa, shekara da shekaru a ƙasar, Malayancinsa, wato yaren ƙasar, bai wuce na sayen kifi da neman ragi ba. Ga shi Allah ya yi shi da wani hali: ko za a yanka shi, ba zai ce wa baƙo “ban sani ba” ba.

A zuwan farko, dattijon ya ja Ashafa da baƙinsa zuwa babban ginshiƙin tsakiyar gida. Akwai tsaga bakwai a jikinsa, an yi su da wuƙa, ɗaya saman ɗaya. Ya riƙa shafa su yana magana a hankali, ya daɗe yana yi. Ashafa bai tsinci komai ba. Ga wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Alhaji Fatihu, ya zuba masa ido yana jira.

“Me yake cewa ne, Malam Ashafa?”

“Alhaji, ai tarihi ne babba. Kakansa jarumi ne. Kowace tsaga ɗan fashin teku ɗaya ne da ya kashe.”

Alhaji Fatihu ya yi kabbara, sauran baƙi suka amsa. Pak Daud ya sa bakin zanensa ya share ido. Ashafa ya ce ai tuna bajintar kakan ne ta sa shi hawaye.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ina! Labari ya yi farin jini, kowace shekara sai ya ƙara ƙiba. Aka samu takobi, aka samu hadari a teku, ɗan fashi na bakwai ma har da ido ɗaya. Baƙi su tsaya gaban ginshiƙi su yi ta kabbara, samari su ɗauki hoto suna ɗaga hannu kamar masu sara. Pak Daud ya riƙe hannun Ashafa da hannu biyu ya yi ta godiya, ya cika masa bayan mota da abarba. Wani lokaci a hanyar dawowa abin yakan ɗan soki Ashafa a rai, sai ya ce gobe zai sa a tambayar masa gaskiyar maganar. Goben ba ta zo ba, shekara shida.

Sai korona ta rufe ƙasa a watan Maris na 2020. Babu jirgi, babu baƙi, ko tsallaka jiha ba a yi. Ashafa ya koma kai wa ɗalibai tuwo da miyar kukar da Hureira ke dafawa, takunkumi a fuska, leda a hannu. Bai raina aikin ba, amma ya yi kewar lokacin da manya ke yin shiru idan ya buɗe baki.

A shekara ta biyu ta annobar, jikanyar Pak Daud ta turo masa saƙo da Turanci. Ƙauyen ya fara zagaya da mutane ta bidiyo, ita za ta riƙe waya kakanta ya yi bayani, ko Ashafa zai tara mutanensa ya yi musu fassara? Nan da nan ya amsa. Ya sanar a zauren waya na tsofaffin baƙinsa, mutum ashirin da uku suka ce da su. Aka sa ƙarfe huɗu na yammar wata Asabar, lokacin Kano tara na safe.

Ranar ya sa shadda da hula ya zauna a teburin falo gaban kwamfuta. A ɗaya gefen teburin Rufaida ce ke aikin makaranta, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ta tashi cikin yaran Malay har uwarta ke cewa da yarensu take mafarki. Ko kusa bai kawo ta a ransa ba.

An nuna gonar abarba, an nuna matattakala, an nuna tagogi masu sassaƙa, Ashafa yana zuba kamar yadda ya saba. Sai muryar Alhaji Fatihu ta fito daga Kano.

“A kai mu wajen ginshiƙi mana! Na tara yarana su ji labarin 'yan fashi.”

Waya ta isa ginshiƙi. Pak Daud ya rame, ya ɗora hannu a kan tsagar farko. Ya fara magana, Ashafa ya bi bayansa da takobi da hadari. Bai kai ɗan fashi na uku ba Rufaida ta ɗago kai.

“Abba, no. Ba haka Atuk yake cewa ba.”

Atuk shi ne kaka a bakin yaran can. Ashafa ya harare ta, ya yi mata alama da hannu ta yi shiru, amma magana ta riga ta shiga kunne ashirin da uku.

“Wace ce wannan?” in ji Alhaji Fatihu. “'Yarka ce? Tana jin yarensu? To 'yata, matso ki faɗa mana.”

Rufaida ta dubi ubanta. Hureira na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ashafa yana iya cewa layi ya katse, yatsansa ma har ya kai kan madannin. Sai ya ga yadda yarinyar ke kallonsa, tana jira ta ga wane irin mutum ne ubanta. Ya janye hannu.

“Faɗa musu,” ya ce, da ƙyar.

Ta gaishe da dattijon da yarensa, ta roƙe shi ya maimaita, sannan ta riƙa juyawa da Hausarta mai cike da Turanci.

“Ya ce height ɗin ɗansa ne. Tsayinsa. Sunansa Hafiz. Duk ranar ƙaramar Sallah sai ya tsayar da shi a nan ya yi mark da wuƙa. Wannan yana shekara biyu. Wannan uku.” Ta dubi allon. “Na bakwai yana shekara takwas. Bayan Sallah da sati biyu ya faɗa babbar magudanar ruwan gona, ya rasu. Ba su da wani ɗa namiji sai shi.”

A lokacin ne Ashafa ya ga abin da ya yi shekara shida yana kallo bai gani ba. Tsagar farko daidai cinyar mutum take, ta ƙarshe ba ta kai ƙirji ba. Ya tuna samarin da ya tsayar a wurin suna dariya suna saran iska, shi ne ma yake ɗaukar su hoton. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya kasa ɗaga ido ya dubi fuskarsa a allon.

Pak Daud kuwa bai san abin da ke faruwa ba, ya ci gaba da magana yana murmushi, ya dafa ƙirji.

“Ya ce,” in ji Rufaida, “baƙi da yawa suna zuwa, Turawa da 'yan China, su ɗau hoto su wuce. Amma mutanen Abba ne kawai idan an ba su labarin Hafiz suke ɗaga murya su ambaci Allah. Ya ce ya san addu'a kuke yi masa. Ya ce ya gode.”

Alhaji Fatihu ya cire hularsa ya mayar. Bai zagi Ashafa ba, wanda da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya dai ce a yi wa yaro Fatiha, aka yi, mutane suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Saura su da ƙauye. Jikanyar ta juyo da wayar ta yi wa Rufaida magana mai ɗan tsawo, dattijon na gyaɗa kai a bayanta.

“Me suka ce kuma?” Ashafa ya tambaya, kansa a ƙasa.

“Za su sa tarihin gidan a shafin ƙauye na intanet. Atuk ya ce shi bai iya tsara magana ba, kai ne ka iya, tunda duk wanda ka faɗa wa sai jikinsa ya yi sanyi. Yana so ka faɗi yadda kake faɗa musu, word for word, ni in rubuta da Malay a karanta masa.”

Ta buɗe sabon shafi a littafinta, ta cire murfin biro. A allon, Pak Daud ya gyara zama ya matso da kunnensa.

“Abba,” ta ce, “suna jira.”