Malam Mai Tauna Tuwo

A Fagge duk wanda ya yi wayo ya san ba a tauna tuwo. Yanko loma ake yi, a mulmula, a dangwala a miya, a jefa baki, maƙogwaro ya ƙarasa aikin. Haƙori na nama ne da goro da rake. Malam Habibullah na Kwaciri shi kaɗai ne wannan labari bai isa kunnensa ba, ko kuma ya isa ya yi biris da shi. Shi tauna tuwo yake yi. Yana tauna shinkafa, yana tauna ɗanwake, har fura idan ya kurɓa sai a ga muƙamuƙinsa na motsi a hankali, idonsa a lumshe, kamar wanda ake raɗa wa labari mai daɗi.

A wurin kakarsa Nana Fatima ya ɗauko abin. Gidansu gidan malamai ne, kowa na da abin koyar da yaro, amma ita wannan tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ita ce karatunta ya zauna masa. Takan zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida da ɗan kwanonta, tana mamular loma ɗaya har inuwa ta gusa. Wata rana ta ga yana zuba tuwo a ciki ba ji ba gani, sai ta riƙe masa hannu.

"Habibu," ta ce, "lomar nan daga nesa ta taso. Ruwan sama ya sauka a kanta, wani ya yi noma, wata ta surfa, wata ta tuƙa. Baƙo ya zo har bakinka, sai ka tura shi ciki ba ko gaisuwa?"

Ya gwada don ya faranta mata rai. Ya tauna, ya tauna, har ya fara jin haushi, sai can wani ɗan zaƙi da bai taɓa sanin tuwon dawa na da shi ba ya ɓullo a gefen harshensa. Da ya lumshe ido sai ga gona, wadda bai taɓa takawa ba, karan dawa sun fi mutum tsawo, iska na kaɗa su, ƙasa na ƙamshin ruwan da bai daɗe da ɗaukewa ba. Tun daga ranar bai ƙara cin abinci shi kaɗai ba, ko da kuwa ba kowa a ɗakin.

Abin ya ja masa yunwa ba kaɗan ba. Yaran gida a tire ɗaya ake zuba musu, kuma tiren yara ba wurin gaisawa da baƙo ba ne. Kafin ya gama da loma ta biyu 'yan'uwansa sun fara suɗe hannu. Mahaifiyarsa ce take ɓoye masa ƙanzo, tana faɗa tana ba shi. Haka ya tashi siriri, haka ya zama malamin firamare siriri. In an tashi tara yakan sayi ƙosai, a kaɗa ƙararrawar komawa aji yana kan na farko. A wurin suna da walima kuwa rububin zama kusa da shi ake yi, ba don albarkar malanta ba, don an san naman da ke tsakiyar tire ba zai taɓa kai hannu kansa a kan lokaci ba. Yana sane da duk wannan. Murmushi kawai yake yi, don shi a lokacin yana can wata fadama yana kallon mata suna tsinkar kuɓewa.

To irin wannan mutum ne Allah ya haɗa da Falilat, kuma in ana neman macen da ta fi ta gaggawa a Kano sai an sha wahala. 'Yar Alhaji Moshood ce, mai sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari. Kakanninta daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma ita a Fagge aka yanke mata cibiya, Hausar bakinta ta fi ta Malam kaifi. Ranar da ya je gaida mahaifinta aka kawo masa amala, tuwon garin doya na Yarbawa, da miyar ayoyo, baƙa wuluk, tana tururi. In tauna tuwo abin dariya ne a wurin Bahaushe, to tauna amala a gidan Bayarabe abin a kira maƙwabta ne su zo su gani. Malam ya yi bismilla, ya yanki 'yar loma, ya lumshe ido, ya fara.

Alhaji Moshood ya gama nasa, ya wanke hannu, ya zuba masa ido. Da abin ya ishe shi ya ce, "Malam, ƙashi ka samu a ciki?"

Daga bayan labule aka fashe da dariya, dariyar budurwa wadda ta so ta riƙe ta kasa. Duk da haka aka ba shi ita. Alhaji ya ce wanda ya iya zama da amala tsawon wannan lokaci bai ƙosa ba, zai iya zama da Falilat.

Ya kuwa iya. Ta buɗe rumfar abinci a wani lungu kusa da Titin Ibrahim Taiwo, ma'aikatan ofisoshi da direbobi da 'yan kasuwa suka san ta da Iya Fareedah, da sunan 'yarsu. Amalarta ta yi suna har Sabon Gari. Amma ita ba wanda ya taɓa ganin ta zauna ta ci. A tsaye take jefa loma, hannu ɗaya a kan muciya, baki na yi wa mai wanke-wanke faɗa. A gida kuma ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya da mijinta ba, don a gidan da Malam ya tashi maigida a ɗakinsa yake cin abinci. Takan kai masa, ta je ta gama aikin duniya, ta dawo ɗaukar kwano ta tarar ko rabi bai yi ba.

"Malam, ko in kawo na dare ne ka haɗa su gaba ɗaya?"

Shi kuma sai ya ɗaga mata hannu alamar ta ɗan jira, bakinsa da baƙo. Haka suka yi ta yi har ya yi ritaya, har furfura ta cika musu kai, ita tana tsiya, shi yana tauna. Yana son tsiyar nan tata ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba.

Wata safiya tana tsakiyar tuƙi muciya ta suɓuce daga hannunta. Kafin a ankara Falilat ta zube. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taƙaita, ta dawo gida da hankalinta da harshenta, sai dai hannun hagu ya yi nauyi, baki ya ɗan karkace. Ranar da ta dawo ta ce a tuƙa mata amala, ta gaji da abincin marasa lafiya. Fareedah ta tuƙa. Ta yanko loma irin wadda ta saba, ta jefa, maƙogwaron da bai taɓa ba ta kunya ba ya ƙi karɓa. Idanunta suka firfito, numfashi ya tsaya, Fareedah na salati tana bubbuga mata baya. Da ƙyar lomar ta fito.

Daga ranar ta rufe baki. Kunu cokali ɗaya, biyu, ta kau da kai. Zanin da take ɗaurawa ya fara zagaye ta fiye da da. Likitar da ke duba ta, Dakta Adaeze, haifaffiyar Sabon Gari ce, ta yi mata bayani da Hausa tsaf: ta zauna a miƙe, loma ƙarama, mai laushi, da miya sosai, ta tauna har sai ta narke kafin ta haɗiye, ba gaggawa, ba magana da abinci a baki. Ta ƙara da cewa in suka dawo ranar da aka sa musu ba ta fara ci ba, ba makawa sai an sa mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci.

"Ni in tauna amala?" in ji Falilat a hanyar gida. "Da girmana? Robar kuma a bar ni in koma ga Allah da hancina yadda ya ba ni."

Fareedah ta ɗauka taurin kai ne, ta yi lallashi, ta yi kuka. Malam ya san tsoro ne, don ya ga yadda take kallon cokali. Shi ma tsoron ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya zauna a ɗakinsa ya sa loma a baki, ya tauna, ya lumshe ido, bai ga gona ba, bai ga kowa ba. Kwanon zai daɗe a gabansa, ba mai zuwa ta ce ko a kawo na dare.

Ranar komawa asibiti ta matso. Wata rana bayan azahar, rana ta yi laushi, tantabarun maƙwabta na kuka a kan katanga, ya ce wa Fareedah ta tuƙa amala ruwa-ruwa, ta cika miya. Ya ɗauki kwanon da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi ɗakin matarsa. Ya gyara mata filo ta zauna sosai, ya ajiye kwanon a tsakaninsu, ya wanke hannu.

"Na ce ba na ci," ta ce.

"Ba ke na kawo wa ba, Hajiya. Ɗakina ne da zafi."

Ya yanki 'yar loma, ya lumshe ido. Ta zuba masa ido tana jiran ya gama, kamar yadda ubanta ya taɓa yi. Da ya haɗiye sai ya yi magana a hankali, ba tare da ya buɗe idon ba.

"Doyar nan a jar ƙasa ta kwanta. An fere ta, an shanya a kan dutse, rana ta dafa ta har ta yi duhu. Akwai ɗan ɗaci a farko. In kika jira shi ya wuce, akwai wani abu a bayansa."

"Wane abu?"

"Sai kin jira."

Ya sake yanka. Fanka na juyi a kasalance. Bai taɓa gaya wa kowa abin da yake gani ba, yau ga shi yana zuba, loma bayan loma: motar da ta ɗauko buhunan ta kwana a hanya, macen da ta tsinke ganyen ayoyo tana waƙa ƙasa-ƙasa, hayaƙin icen da ya taɓa gindin tukunya.

"Ranar da na je gidanku ma," ya ce, "tun a lomar farko na san ba Iyarku ce ta tuƙa ba. Hannun mai gaggawa ne, akwai gudaji ɗaya. Na ji dariya a bayan labule na ce wannan ce. Sai na ƙara rage sauri, don na san ina gamawa za a ce in tashi in tafi."

"Ƙarya kake, Malam. Amalata ba ta taɓa gudaji ba."

"Ɗaya tak. Har yau ina jin sa."

Ta yi tsaki. Hannunta na dama, mai lafiyar, ya taso daga kan zani, ta tsoma a ruwan wanke hannu, ta tsunkuli amala 'yar mitsitsiya, ta dulmiya a miya. Malam bai kalle ta ba. Ya san in ya kalla za ta fasa. Ya ci gaba da nasa, ido a rufe, yana addu'a a zuci.

Ta tauna. Fuskarta a murtuke take da farko, ta mai yin abin kunya a gaban mutane. Ta ci gaba da taunawa. A hankali goshin ya saki, idanun suka lumshe da kansu. Ta sunkuyar da kai yadda likita ta ce, ta haɗiye, lomar ta wuce lafiya. Ba ta buɗe ido ba.

"Rufin gidanmu," ta ce can ƙasa. "Iya tana shanya doya a sama, ni ina korar tsuntsaye. Ƙamshin nan ne." Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya karkace. "Ashe haka take? Na ciyar da duk Kano abin nan ban san ɗanɗanonsa ba."

Malam ya tura kwanon kusa da ita. Fareedah ta leƙo daga bakin ƙofa, ta toshe bakinta da mayafi, ta koma da sanɗa.

Suka ci gaba, ita ta ɓarinta, shi ta nasa. Hasken taga ya tashi daga kan tabarma ya hau bango. Murna ce ta ruɗa Malam ko mene ne, bai san lokacin da ɓarinsa ya ƙare ba. Ya duba ya ga kwano fayau a gabansa, nata kuwa da saura da yawa. Tun ranar da Nana Fatima ta riƙe masa hannu bai taɓa riga wani gama cin abinci ba. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar, ya jawo ruwan wanke hannu, ya yunƙura.

Falilat ta ɗaga masa hannu alamar ya jira, bakinta da baƙo. Ya koma ya zauna. Sai da ta tauna son ranta, ta haɗiye, sannan ta buɗe ido ɗaya ta dube shi.

"Malam," ta ce, "gaggawar me kake yi?"